Mai kemis da ya amsa kiran likita a jirgin Jidda

Tambaya: Malam, ina da kemis a wani ƙauye kusa da Gwaram, mutanen gari "Dakta" suke ce mini. A jirginmu na Umara daga Kano, wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi. Aka yi cigiyar likita, na miƙe. Da ya farfaɗo na ba shi ƙwayar hawan jini daga jakata. Bayan mun sauka Jidda ya rasu. Akwai wani abu a kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, kai kuma ya sanyaya maka zuciya. Ceton rai farilla ce, miƙewarka ba laifi. Maganar tana nan: ka gaya wa ma'aikatan jirgin cewa kai ba likita ba ne? Ka gwada jininsa kafin ka ba shi ƙwayar?

A sama iskar cikin jirgi kamar ta kan dutse ce mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, kuma galibin masu suma jininsu sauka yake yi, ba hawa ba. Irin wannan kwantar da shi ake yi, a ɗaga ƙafafunsa, a sa masa iskar numfashi. Ƙwayarka na iya ƙara masa ciwo.

Na san za a ce maka ai kwanansa ne ya ƙare, kuma niyyarka alheri ce. Kada ka jingina da wannan. Niyya lada take jawowa, ba ta kankare haƙƙin bawa. Mai kisan kuskure ma bai yi nufin kisa ba, amma aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Ajali kuwa, wane mamaci ne bai mutu da ajalinsa ba? Da hujja ce, da ba a taɓa biyan diyya ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi magani alhali ba a san shi da likitanci ba, alhakin biyan ɓarnar da ya jawo yana kansa, kuma Ibnu Rushdi ya ce babu saɓani a kai.

Sai dai ba a hukunci da zato. Je ka sami iyalansa, ka faɗi sunan ƙwayar, a nuna wa likita tare da takardar asibitin Jidda. In ta tabbata ita ce sanadi, akwai diyya sai in sun yafe, da azumin wata biyu a jere. In ba ita ba ce, tuba ta wadatar.

Sannan, ɗana, sunan "Dakta" ɗin nan ka hana mutane kiranka da shi. Allura da ƙarin ruwa a bayan kanti ma ka tura su asibiti.

Wallahu a'alamu.