Kunyoyin Ingila da suka fi shekara 500 ruwa bai cinye su ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yarona ne ya nuna min hoton wani fili a Ingila a waya, wai kunyoyin da ke ciki tun zamanin kaka da kakanni aka yi su kuma har yau suna nan. Ni kuwa gonata gangare ce, ruwan Agusta ɗaya ya isa ya share min huɗa har da takin da na zuba. Wace dabara suka yi, in kwaikwaye su? Daga wani manomi a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya mayar da alheri, asarar taki a wannan tsadar ba ƙaramin abu ba ne. Hoton gaskiya ne, an fi ganinsu a tsakiyar Ingila wajen su Lesta, amma fa ba irin kunyarmu ta garma ba ce, guda ɗaya faɗinta ya kan wuce mita 5, tsawonta kusan mita 200. Garmarsu ta lokacin gefe ɗaya take kifar da ƙasa, shanu har 8 ke janta wani lokacin, to kowace shekara mai gona yana zagaya yankinsa ta hanya ɗaya ƙasa na ta taruwa a tsakiya har ta zama tudu, shi ya sa ma za ka ga bakin kunyar ya ɗan lanƙwashe, wurin juyawar shanun ne.

Abin da ya tsare su kuwa ciyawa ce. Bayan annobar 1348 da ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, ga kuma kuɗi a gashin tumaki, sai aka riƙa daina noma filayen ana mai da su makiyaya, saiwar ciyawa ta riƙe ƙasar gam. Inda aka dawo aka saka tarakta, musamman lokacin yaƙin duniya na biyu da bayansa, kunyoyin sun baje.

Don Allah Baba kar ka kwaikwaye su. Ƙasarsu laka ce mai riƙe ruwa, damuwarsu yadda ruwa zai fita ne, don haka da yawa gangare suka bi, ruwan samansu kuma galibi yayyafi ne. Kai kuwa naka kamar da bakin ƙwarya yake zuwa, in kunya ta bi gangare ka gina wa ruwa hanya kenan, ƙasar sama mai albarka ita zai fara ɗauka, a hankali wurin ya zama kwazazzabo.

Ka yi huɗar ta gitta gangaren, ka riƙa datse kwarin kunyar da 'yar ƙasa duk bayan taku 3 ko 4 don ruwa ya tsaya ya nutse. Inda ya fi karya maka kunya ka jera duwatsu ko ka dasa gamba a layi, sannan bayan girbi kar a kwashe kara kakaf, a bar wani a kwance a gonar.