Mai Amosanin Gaɓɓai da Allurar Rigakafin Ciwon Huhu

Tambaya: Likita, ina fama da amosanin gaɓɓai irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin da kansa, kuma ina shan maganin metotireksat duk mako. An shawarce ni in yi allurar rigakafin nimoniya, wato ciwon huhu, amma ina tsoron kada ta tayar mini da ciwon. Ya dace in yi?

Amsa: Allah ya ƙara sauƙi, Malama. Ya dace ƙwarai, kuma ina ba ki shawarar kada ki yi jinkiri. Ƙwayar cutar da ake kira nimokokas, wadda ake yin wannan allura domin kariya daga gare ta, ba ciwon huhu kaɗai take haddasawa ba, domin takan shiga jini, takan kuma kai ga sanƙarau, kuma mutanen da ke cikin irin halinki sun fi sauran jama'a shiga haɗarinta, saboda ciwon da kansa yana rikita garkuwar jiki, sannan magungunan da ke danne shi suna ƙara raunana ta. Masu ciwon lufus, wani ciwon da shi ma garkuwar jiki ke yaƙar jikin, haɗarinsu ya fi haka, tunda wasunsu saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata. Shi ya sa ƙungiyar likitocin amosani ta Turai a 2019, da takwararta ta Amurka a 2022, suka ƙarfafa yin wannan allura ga masu shan magungunan danne garkuwa.

Batun tsoronki kuwa, allurar ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ɓawon ƙwayar kawai ake amfani da shi, saboda haka ba za ta sa miki nimoniya ba, kuma binciken da aka yi bai nuna tana tayar da amosanin ba. Abin da aka saba gani shi ne ciwo a wurin allurar ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya zuwa biyu.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne lokaci. Metotireksat yana ɗan rage ƙarfin kariyar da jiki ke samu, amma kariyar da ta rage ta fi babu nesa ba kusa ba, don haka kada ki daina shan maganinki da kanki. Wanda ake yi wa ƙarin ruwan ritusimab, wani maganin danne garkuwa, shi ne ke buƙatar tsari sosai, domin maganin yana kawar da ƙwayoyin jinin da ke ƙera kariya, kuma an fi so a yi allurar lokacin da zagayen ƙarin ruwan na gaba ya yi, sannan a jinkirta maganin da mako 2. Mai shan firednisolon, maganin rage kumburi mai danne garkuwa, miligiram 20 ko fiye a rana kuma, ana iya jira har a rage masa.

Allurar rigakafin tana da nau'o'i daban-daban: idan akwai nau'in da ake kira PCV20, allura ɗaya ta wadatar. Idan nau'in PCV15 aka samu, sai a bi ta da wani nau'in mai suna PPSV23 bayan aƙalla mako 8. Ki sanar da likitanki idan an taɓa yi miki ɗaya daga cikinsu, domin hakan yana canza tsarin.