Ga mai tambaya kan labaran zane na soyayyar mutum da mutum-mutumi

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin ci karo da littattafan zane na Japan, waɗanda ake kira manga, inda saurayi ke son mutum-mutumi mai siffar mace har ɗayansu ya mutu, kina so ki ji ko akwai abin ƙaruwa a ciki ko ɓata lokaci ne kawai, kuma in akwai, da wanne za ki fara. Na ga wasu sun amsa miki da cewa shirme ne. Ni ban yarda da su ba, ga kuma dalilina, don na daɗe ina karanta irin waɗannan littattafai.

Na farkon da na karanta shi ne Chobits, na wasu mata huɗu masu zane da ke kiran kansu CLAMP. Ya fito daga 2000 zuwa 2002, littafi 8 ne. Babban labarin na wani ɗalibi ne, Hideki, da ya tsinci kwamfuta mai siffar budurwa an yar da ita a bola, ya ɗauke ta ya kai gida ya sa mata suna Chi. Gaskiya wannan ɓangaren bai taɓa ni sosai ba, har akwai wuraren da na ga an cika wasa. Abin da ya riƙe ni ƙaramin labari ne a tsakiya, na wani mai gidan burodi, Ueda. Ya sayi irin wannan kwamfutar don ta riƙa yi masa lissafin shago, shaƙuwa ta shiga tsakaninsu har ya aure ta. Daga baya ma'ajiyar tunaninta ta samu matsala, ta fara mantuwa a hankali, yau wannan gobe wancan, har ta kai shi kansa da ƙyar take gane shi. Bai canza ta da sabuwa ba. Wani dare yana tsallaka titi hankalinsa ba ya jikinsa, mota ta taho, ta ture shi gefe motar ta bi ta kanta. Kalmar ƙarshe da ta faɗa masa gaisuwa ce kawai, irin wadda ake yi wa wanda aka fara gani.

Lokacin da na kai wannan wurin ina jinyar kakata ne, wadda gigin tsufa ya kama. Ni ce mai dama mata koko da safe, ni ke yanke mata farce, a ɗakinta nake kwana. Amma duk sanda na ɗaga labule na shigo da kwano, sai ta gyara mayafinta ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah, daga ina?" Matar da ta goya ni a bayanta. Wani lokaci har ta matsa ta ba ni wuri a tabarma kamar baƙuwa, ta ce a kawo min ruwa. Ban taɓa yin kuka a gabanta ba. Daren da na karanta labarin Ueda a waya, ita tana barci a gefena, sai da na fita tsakar gida na zauna a kan turmi na yi kuka mai isata. Duk littattafan soyayyar da na karanta kafin nan, ba wanda ya nuna min yadda ake ci gaba da son wanda ya daina sanin ka.

Shi ya sa nake cewa masu kyau daga cikin labaran nan, ƙarfe da waya sutura ce kawai aka sa musu. Zancen jinya suke yi, da mantuwa, da halin wanda aka bari. Mu dai mun san rai na Allah ne, babu injiniyan da zai hura shi a cikin na'ura, kuma ba na karanta su don in yarda da akasin haka. Yadda ba mai jin tatsuniyar Gizo ya tafi neman gidan Ƙoƙi, haka nake ɗaukarsu.

Akwai wanda ya ɗora labarinsa kacokan a kan wa'adi, Plastic Memories. Asalinsa katun ne na talabijin da ya fito a 2015, kashi 13, an kuma yi masa manga. A cikinsa kowane mutum-mutumi yana da awa 81,920 a duniya, wato kimanin shekara 9 da wata 4, daga nan tunaninsa ya lalace. Aikin wani saurayi, Tsukasa, da abokiyar aikinsa Isla, wadda ita ma mutum-mutumi ce, shi ne bi gida-gida suna karɓo waɗanda lokacinsu ya yi daga hannun iyalan da suka saba da su, alhali ita Isla kanta kwanakinta sun kusa ƙarewa. Yana sa kuka, amma a ganina ya cika matsa wa mai kallo lamba sai ya zubar da hawaye, kuma barkwancin da aka cusa a tsakiya yana rage masa nauyi.

Wanda na fi so duka ya juya lamarin ne. Yokohama Kaidashi Kikou na Hitoshi Ashinano, daga 1994 zuwa 2006, littafi 14. A nan na'urar ce ba ta tsufa, mutanen ne ke tafiya. Teku ya cinye garuruwan bakin ruwa, jama'a na raguwa, Alpha kuma, mutum-mutumi mai siffar mace, tana riƙe da ɗan shagon shan kofi a ƙauye tana jiran mai shagon da ya yi tafiya. Akwai wani tsoho mai gidan mai a kusa da ita, akwai yaro Takahiro da ke zuwa wurinta. Kina buɗe shafuka yaron yana tsawo, muryarsa ta buɗe, ya bar gari neman abin yi, tsohon yana ƙara ranƙwafawa, ita kuwa fuskarta tana nan yadda take a shafin farko. Soyayyar cikinsa ba ta "ina son ki" ba ce, da wuya ma a furta ta. Sau da yawa za ki wuce shafi biyu ko uku babu magana ko ɗaya, sai ciyawa da iska ke kaɗawa da fitilun titi da ke ci a ƙarƙashin ruwa da magariba. Bayan rasuwar kakata shi na riƙa komawa, don ni ce a lokacin nake zaune a ɗakin da komai yake wurinsa sai mai ɗakin.

In kin fi son zane mai launi na Amurka, akwai Alex + Ada na Jonathan Luna da Sarah Vaughn, 2013 zuwa 2015, fitowa 15. Kakar Alex ce ta ba shi Ada, mutum-mutumi mai siffar mace, kyauta ranar zagayowar haihuwarsa, shi kuma ya karya doka ya buɗe mata ikon yin tunani da kanta. Ya fi karkata ga zancen 'yanci da hukuma, amma ƙarshensa ma a kan shekarun da suka shuɗe ya tsaya.

Kuma kada ki ɗauka abin a takarda kawai ya tsaya a Japan. Kamfanin Sony ya yi karen na'ura mai suna AIBO daga 1999 zuwa 2006, da ya daina gyara su a 2014 sai ga masu su, da yawansu tsofaffi, suna kai waɗanda suka lalace wani wurin ibadar Buddha a yankin Chiba ana yi musu bikin bankwana.

Shawarata ki fara da na Ashinano in kina da haƙurin labari mai tafiya a hankali. Chobits kuwa don manya aka yi shi, akwai zanen da bai kamata ƙannenki su gani ba, kada ki bar shi a buɗe a wayar da yara ke ɗauka. Daga dama zuwa hagu ake karanta manga, kamar yadda muka koya a allo, don haka kwana ɗaya ya ishe ki sabawa. In kuma akwai mara lafiya da kike jinya a gida yanzu, ki ɗan jinkirta labarin Ueda zuwa ranar da kike da wanda zai zauna kusa da ke.