Ga 'yar'uwar da ta tambaya ko zunubi ne gwauruwa ta kai dangin miji kotu

Salama a gare ki 'yar'uwa, Ubangiji ya yi miki ta'aziyya ke da yara. Kin ce maigidanki ya rasu, 'yan'uwansa suna so ki tashi daga gidan da kuka gina tare a Sabon Tasha a nan Kaduna, an kuma ce miki Kirista ba ya kai ɗan'uwansa kotu, shi ne kike tambaya ko kin yi zunubi in kin nemi hakkinki. Ina karantawa jikina yana rawa, domin hanyar da kike kai yanzu na bi ta, kuma kalmomin da ake faɗa miki su ɗin ne aka faɗa mini.

Mu ma bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 muka bar Tudun Wada muka tsallako kogi, muka sayi fili a Romi lokacin wurin duk daji ne. Maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, ni ina sayar da hatsi. Da aka rufe masaƙar, kuɗin adashena ne ya yi rufin gidan. Kowa a dangi ya san wannan. Yayan mijina ya fi kowa sani, don ɗansa a gidanmu ya zauna har ya gama sakandare, a tukunyata ya ci, ni nake biya masa kuɗin jarrabawa.

Mun dawo daga jana'iza a ƙauye, mutane ba su ma daina zuwa gaisuwa ba, sai ga shi da wasu ƙannensa biyu. Ya zauna a kujerar maigidana, wadda ni kaina ban iya kallonta ba a lokacin. Ya ce in kawo takardun gida a adana. Na ce Baba, ai a adane suke. Sai ya ce, a gaban 'ya'yana, wai tunda ban haifi namiji ba gidan na dangi ne, 'ya'ya mata kuwa na gidan wasu ne, gobe za su yi aure su tafi. Babbar 'yata tana tsaye riƙe da tiren ruwan da ta kawo musu. Har yau in na tuna fuskarta sai zuciyata ta yi nauyi. Suka fitar da babur, suka ɗauki injin niƙa, suka sa kwaɗo a ɗakin maigidana da kayansa a ciki, har Littafi Mai Tsarki nasa da tabaraunsa. Abin da ya fi ci mini rai, kafin su tafi ya ce mu rufe ido, ya yi addu'a. Ya roƙi Allah ya kiyaye marayu. Mutumin nan dattijo ne a ikkilisiyarsu, yana tsayawa gaban jama'a ranar Lahadi. Na daɗe ban iya cewa amin ga addu'ar kowa ba saboda wannan rana. Ɗan nasa da na yi renonsa kuwa, shi aka aiko daga baya ya gaya mini ranar da zan kwashe kayana, ya ƙi haɗa ido da ni.

Da na kai kuka, wani babba ya buɗe mini 1 Korintiyawa sura 6 ya ce in bar wa Allah. Na san ayar da aka karanta miki ke nan, da ta Matiyu 5 kan juya ɗaya kumatun. 'Yar'uwa, maganar Allah ce, ban raina ta ba. Amma ki zauna ki karanta surar tun daga farko. Bulus yana tsawata wa ikkilisiya ne, yana tambayarsu ko babu mai hikima ko ɗaya a cikinsu da zai iya raba gardama tsakanin 'yan'uwa, ya kuma ce su da kansu suna cutar 'yan'uwansu suna zambatarsu. Nauyin yana kan ikkilisiya ta zauna ta yi shari'ar gaskiya. In dattawa sun ƙi zama, ko sun zauna sun ji tsoron mai ƙarfi, ba daidai ba ne a ɗauki ayar a rufe bakin wadda aka zalunta kaɗai.

Bulus ɗin nan kuma bai yar da 'yancinsa ba. A Filibi da aka yi musu dūka shi da Sila ba tare da shari'a ba, aka so a sallame su a ɓoye, ya ce sam, mahukunta su zo da kansu su fitar da su, yana nan a Ayyukan Manzanni 16. A sura 25 ya ɗaukaka ƙara har gaban Kaisar. 'Ya'yan Zelofehad, mata biyar, sun tsaya gaban Musa suka nemi gadon ubansu tunda ba shi da ɗa namiji, Ubangiji ya ce maganarsu gaskiya ce a ba su, Littafin Ƙidaya 27. Ranar da wata mama a Zumuntar Mata ta nuna mini wannan wurin kuka na yi. Yesu da bakinsa ya ba da misalin gwauruwar da ta dami alƙali har ya bi mata hakkinta a Luka 18, ya kuma yi kashedi mai zafi kan masu cinye gidajen gwauraye a Markus 12.

Abin da ya warware mini kai shi ne tambayar da matar fastonmu ta yi mini: in kin yi shiru, wa zai biya? Da abina ne ni kaɗai, zan iya bari saboda Yesu, kuma na bar babur da injin, ban sake tada maganarsu ba. Amma gidan nan rufin asirin marayu ne. Ba ni da ikon yin kyauta da abin da Allah ya ba ni amana. Haka nake auna abu yanzu: in karanta Maganar Allah gaba ɗayanta ba aya guda ba, in yi addu'a har lamirina ya kwanta, in nemi shawarar masu tsoron Allah, in kuma binciki zuciyata ko adalci nake nema ko ramuwa. Wannan ta ƙarshen ita ce mai wuya. Akwai dare da yawa da abin da nake so kawai shi ne in ga mutumin nan ya wulaƙanta. In kin ji haka ki kai wa Ubangiji, kada ki yanke shawara a wannan daren.

Kada ki bar gidan, ko da sun ce na ɗan lokaci ne. Kada ki sa hannu a kowace takarda, ko an ce ta sulhu ce, sai wanda ya san doka ya karanta miki. Ki yi hoton takardun fili, rasit na siminti da kwano in kina da su, takardar aure, takardun haihuwar yara, ki ajiye a gidan wadda kika amince da ita. Maginin da ya yi muku aiki da mai unguwa shaidu ne. Kuma don Allah ki riƙa cin abinci, ki je a auna miki jini, ni hawan jini na samu a wannan lokacin.

Ki fara bin matakan Matiyu 18: ki same su ke da su, sannan da shaidu, sannan ki kai wa majalisar dattawa a rubuce, ki roƙa fastonku ya tuntuɓi nasu. Wasu dangin kunya kawai ke dawo da su. Namu ba su dawo ba sai da takardar lauya ta iso. Dokar ƙasa ma ba ta tare da su. A 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulkin 1999, a shekarar kuma ta tsaya wa wata gwauruwa ta Awka da aka so kora don ba ta da ɗa namiji. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana nan Kaduna, akwai Legal Aid, hukumar da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta, da ofishin hukumar kare hakkin ɗan Adam, ba sai kina da kuɗi za su saurare ki ba. Hukuma ma baiwar Allah ce don hukunta mai mugunta, Romawa 13 ta faɗa.

Ku kuma maza na wannan zaure, ku rubuta wasiyya tun kuna da rai, ku sa sunan matanku a takardun fili, ku je KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jihar Kaduna, ku gyara. Rubuta wasiyya ba kiran mutuwa ba ne. Iyayenmu dattawa, muna yi wa gwauraye buhun shinkafa lokacin Kirsimeti, mun gode, amma Ishaya 1 cewa ta yi a tsaya wa maraya a kāre gwauruwa. Wanda ya fara tsaya mini a ƙofar gida ranar da suka zo da mota, wani tsohon maƙwabcinmu ne Musulmi tun zaman Tudun Wada, ya ce cin dukiyar maraya wuta ce, ba za a yi a gabansa ba. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo da na duba ban ga 'yan ikkilisiyarmu ba.

Wani abu kuma, kada rigimar ta sa ki yanke yara daga danginsu. Surukata tana da rai a ƙauye, duk girbi ina aika mata abin da ya sawwaƙa, yara suna zuwa gaishe ta, ita ma ɗa ta rasa. Yayan mijina na gafarta masa, in mun haɗu a biki ina durƙusawa in gaishe shi, amma takardun gida suna hannuna kuma nan za su zauna.

Ki faɗa mana wane irin aure kuka ɗaura, na coci da rajista ne ko na gargajiya kaɗai, domin kotun da za a je da yadda za a raba gado sun danganta da wannan. In kina tsoron zuwa wurin lauyoyin ke kaɗai, ki yi mini magana ta akwatin sirri, ranar da ba na kasuwa sai in raka ki.