Tambaya da Amsa: Fuskar Doki, Rago da Kyanwa a Zanen Kwamfuta

Tambaya: Ina zana dawakan hawan sallah da manhajar Krita. In dokin ya ba ni gefe, zanen yana fita daidai, amma da zarar ya ɗan juyo yana kallona sai fuskar ta karkace, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, galibi hakan na faruwa ne idan an fara da ido da geza tun ba a kafa ƙoƙon kai ba. Buɗe sabuwar leya, wato shimfiɗar zane mai zaman kanta a cikin manhajar, ka zana kan dokin a matsayin dogon akwati mai tsukewa wajen baki: saman akwatin shi ne goshi zuwa karan hanci, gefunansa kuma kumatu. Ja layi a tsakiyar goshi daga tsakanin kunnuwa har zuwa leɓe. Sai ka gitta masa layuka 3: na gindin kunnuwa, na idanu, na ƙofofin hanci. Dole layukan nan su kwanta ta fuska guda, su ɗan matso juna kaɗan ta ɓangaren da ya fi nisa da mai kallo. In na idanu ya kwanta dama, na hanci ya kwanta hagu, to nan ne fuskar ta karye, kuma babu kyawun launi da zai rufa mata asiri.

Idon doki yana kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon kai in an auno daga tsakanin kunnuwa. Mutane da yawa suna sauko da shi tsakiya, sai dokin ya zama gajeren baki. Ka kuma tuna a gefen kai idanunsa suke, ba a gaba ba. Saboda haka in ya juyo rabi da rabi, idon nesa ba ya fitowa duka. Tudun ƙashin girarsa da gashin idon kawai za ka gani sun leƙo ta bayan goshi. Hannu yana son ya cika wannan idon, kada ka bari. A ƙarƙashin idon kusa akwai ƙashi da ya miƙe kamar kunyar gona yana gangarawa wajen hanci, ƙasansa kuma faffaɗan kunci mai zagaye. Ka sa haske a kan ƙashin, inuwa a ƙarƙashinsa.

Ragama da linzami taimako ne babba a nan, domin igiyarsu tana zagaye kan. Ka zana ta da lanƙwasa, tana ɓacewa ta bayan hanci. Madaidaicin layi zai baje fuskar. Sannan danna harafin M a Krita lokaci zuwa lokaci don zanen ya juya kamar a madubi. Karkatar da idonka ya saba da ita nan take za ta fito.

Tambaya: Na ɗauki hoton ragonmu da waya na bi shi sak, amma hancin ya yi ƙato, ƙahonin sun ƙanƙance. Daga wata mai karatu a Damagaram.

Amsa: Malama, hannunki bai yi kuskure ba, hoton ne. In kyamara ta matso kusa, abin da ya fi kusa da ita yana kumbura. Ja da baya kamar mita 2 zuwa 3, ki durƙusa har wayar ta yi daidai da idon ragon, sannan ki jawo hoton. Wajen ƙaho kuma, fara da layi ɗaya da ke bin murɗinsa daga gindi zuwa tsini, ki yi na ɗayan gefen a lokaci guda, kafin ki ba su kauri. Baƙin tsakiyar idon rago a kwance yake, kamar na akuya da doki.

Tambaya: Kyanwar da nake zanawa kullum sai ta yi kama da mutum. Daga wani mai karatu a Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, duba abu biyu. Farin ido kusan ba ya bayyana a kyanwa, launin idon ne ya cika wurin, baƙin tsakiyar kuma a tsaye yake, yana tsukewa a rana, yana buɗewa a duhu. Na zaki zagayayye ne, kada a haɗa su. Na biyu, hancinta gajere ne, bakin kuma ƙananan tudu biyu ne inda gashin baki ke fitowa, da ƙaramar haɓa da ta koma ciki. In ka tsawaita tsakanin ido da hanci, mutum zai fito.

Gashi shi ne ƙarshe. Fara da babban burushi da toka-toka iri 4, daga duhu zuwa haske, har kan ya yi tudu da kwari. Rage ƙarfin bayyanar leyar layukanka zuwa kashi 30 cikin 100 ka bar ta a sama. Daga nan ka ja gashin curi-curi, daga karan hanci yana bazuwa zuwa goshi da kumatu, silin gashi ɗaya-ɗaya kuma ka taƙaita shi a kewayen ido da bakin kunne.