Tura yara makaranta a Amurka a lokacin kamen baƙin haure

'Yar'uwa, kin tambaya ko ya dace ki ci gaba da tura yaranki makaranta a Amurka alhali takardun zamanku ba su kammala ba, ganin yadda jami'an shige da fice na ICE suka tsananta kame. Shawarata ita ce kada ki cire su.

Tun a shekarar 1982 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Plyler da Doe, wadda ta taso daga jihar Texas, cewa babu jihar da ke da ikon hana yaro karatu a makarantar gwamnati saboda rashin takardun zama. Haka kuma dokar FERPA ta 1974 ta hana makaranta miƙa bayanan ɗalibi ba tare da amincewar iyaye ba, sai da umarnin kotu ko wasu keɓantattun dalilai.

Abin da ya tayar da hankalin iyaye, kuma damuwar tana bisa hujja, shi ne a watan Janairun 2025 gwamnatin Trump ta soke ƙa'idar da ta taƙaita kame a makarantu. Duk da haka, hukumomin ilimi na New York, Chicago da Los Angeles sun umarci ma'aikatansu da kada su bar jami'i ya shiga sai ya nuna sammaci mai sa hannun alƙali, domin takardar da ICE ta rubuta da kanta ba ta wadatar.

Ki je ofishin makarantar ki ba da sunan amintaccen mutum da zai ɗauki yaran idan aka tsare ki, sannan ki nemi a rubuce kada a fitar da adireshinku ga kowa.