Ni AS, ita ma AS: da gaske ɗa ɗaya ne cikin huɗu zai zo da sikila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni matashi ne mai sana'a a Agege. Har an kai kuɗin gaisuwa, sai gwaji ya nuna ni AS ne, yarinyar ma AS ce. Ko barci ba na iya yi. Ƙanena mai karatun kimiyya ya ce halittun farko a duniya ba su san wannan matsala ba, tunda babu namiji babu mace, rabuwa biyu kawai suke yi. Abokaina sun ce ɗa ɗaya ne kacal cikin huɗu zai zo da sikila, wani mai magani kuma ya ce zai mayar da ni AA cikin wata uku. Ina gaskiyar take?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ɗan'uwa.

Ƙanenka bai yi kuskure ba. A duwatsun Pilbara da ke yammacin Ostireliya an samu alamun ƙananan halittu masu ƙwaya ɗaya da suka rayu kimanin shekara biliyan 3.5 da suka wuce, kuma ta rabuwa suke yaɗuwa: ɗaya ta zama biyu, kowace kwafin ta farko. Har yau haka bakteriya ke yi, wasu cikin minti 20. Haihuwa ta haɗuwar iri biyu daga baya ta zo. Tsohuwar shaidarta da aka fi ambata wata gansakukar ruwa ce, Bangiomorpha, daga arewacin Kanada, mai shekara kusan biliyan 1.

Sai dai kwafi ma da nasa aibin. Idan cuta ta gano lagon ɗaya, ta gano na duka. Ayabar Gros Michel, wadda ake dasawa daga 'ya'yan gindi, haka cutar Panama ta share gonakinta a tsakiyar Amurka cikin shekarun 1950. Mu kuwa gauraya ake yi: kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta, 23 daga uba, 23 daga uwa, kuma a kowane ciki sabon zubi ne. Gaurayar nan ce ke ba mu kariya iri-iri. Shi kansa S ɗin, wato ƙwayar gadon sikila, bai yawaita a cikinmu a banza ba. Tun 1954 wani likita mai bincike, Anthony Allison, ya nuna cewa mai AS ya fi jure mummunan zazzaɓin cizon sauro. Matsala tana zuwa ne idan yaro ya karɓi S ta ɓangarori biyu, wato ya zama SS, mai sikila.

Maganar abokanka ce ta fi ci min rai, don kusan kullum sai na ji ta, kuma yara take jefawa cikin wahala. Ɗaya cikin huɗu ba rabon 'ya'ya ba ne. Ba adashi ba ne, balle a ce wanda ya kwasa ya kwasa, saura su jira zagayensu. Ma'anarsa ita ce kowane ciki, shi kaɗai, yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 na AS, kashi 25 na AA. Ciki na biyu bai san abin da na farko ya haifar ba. Akwai gidan da 'ya'ya uku suka zo a jere duk SS, akwai gidan da ba a samu ko ɗaya ba, kuma masu ba ka ƙarfin gwiwa labarin gida na biyu kaɗai suke ba ka. Yi lissafin da kanka: idan kuka haifi huɗu, yiwuwar a ce babu mai SS a cikinsu ba ta kai kashi 32 cikin 100 ba. Wato an fi kusa da samu fiye da tsira. Mu kuma da wuya mu tsaya a huɗu.

Mafi ciwo shi ne iyayen da ɗan farinsu ya zo da sikila, aka ce musu ai shi ke nan, ya ɗauke wa ƙannensa. Suka saki jiki, ba su kai na biyu gwaji ba, sai da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura yana ɗan wata takwas. Da an gano da wuri, da an fara ba shi maganin kariya daga ƙwayoyin cuta da na zazzaɓi tun kafin jikinsa ya jigata.

Mai maganin nan kuwa kuɗinka yake so. S ɗin yana rubuce a kuromosom na 11 cikin ƙwayoyin jikinka, har da na maniyyi. Babu jiƙo, babu kafso, babu allurar da za ta goge shi. Ko dashen ɓargo, da ake yi wa masu SS, jini yake sauyawa, ba ya taɓa abin da mutum zai gadar wa ɗansa. Idan ka ga wanda takardarsa ta koma AA, to ko dai gwaji ɗaya cikin biyun an yi kuskure, ko an ƙara masa jini kwanan nan, ko kuwa takardar saye ce. Masu sayar da irin takardar nan su ji tsoron Allah, don ba su za su kwana a asibiti da yaro yana kukan ƙashi ba.

Ku sake gwajin ku biyu a asibitin da aka yarda da shi. Cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba daura da LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, kuma suna zama da masu shirin aure su yi musu bayani. Ku tafi da waliyyanku, kada a bar yarinyar ita kaɗai da nauyin faɗa wa gida. Wanda kuma zai nemi aure a nan Legas ya sani cewa jinin AC ma yana da yawa a kudu maso yamma, kuma AS da AC suna iya haifar SC, wanda shi ma nau'in sikila ne.

Ba ni zan yanke maka hukunci ba, naku ne da iyayenku. Amma ina roƙon limamanmu da sarakunan Hausawa na Agege, Obalende da Mile 12 su riƙa neman takardar gwaji tun kafin a karɓi kuɗin gaisuwa. A Kano tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin ɗaurin aure, mu ma a nan ba sai mun jira doka ba.